Asmara da Sauran Gadon Kankare: Yadda Ake Adana Gine-ginen Zamani

Gine-ginen zamani, a wurin masana zanen gini, su ne waɗanda aka yi daga farkon ƙarni na 20 zuwa wajen shekarun 1970 da kankare da rodi da ƙarfe da gilashi, bisa wani ra'ayi da ya taso a Turai cewa aikin da gini zai yi shi ne zai ba shi siffa, ba ado ba. Ana gane su da shimfiɗaɗɗen rufi, da bango fari ko mai launin siminti tsantsa, da dogayen tagogi a jere, da baranda wadda ta miƙo waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Yawancin manyan makarantu da asibitoci da sakatariyoyi da gidajen waya da gidajen silima da aka gina a biranen Afirka daga ƙarshen mulkin mallaka zuwa shekarun farko na 'yancin kai, irin wannan gini ne.

Yawansu da kuma sabon da ido ya yi da su sun sa ba kasafai ake ɗaukar su kayan tarihi ba. Babu mai gardama a kan ganuwa ko fadar sarki ko tsohon masallaci. Amma ginin da ya shekara arba'in ko hamsin yana cikin mafi hatsarin lokacin rayuwarsa. Ya tsufa har rufinsa ya fara yoyo, bai kuma kai tsufan da doka za ta kare shi ba, ga filin da yake kai a tsakiyar gari ya ninka shi daraja. A watan Afrilun 2017 aka rushe katafaren zauren baje koli na Hall of Nations a birnin Delhi, wanda Raj Rewal ya zana, aka kammala a 1972 don bikin cikar Indiya shekara 25 da samun 'yanci. Masana daga ƙasashe da dama sun roƙi a bar shi. Hujjar kwamitin kula da kayan tarihi na birnin ita ce ginin bai kai shekara 60 ba.

Yunƙurin kare irin waɗannan gine-gine ya kankama ne a shekarun 1980. A 1987 Hukumar Unesco ta sa Brasiliya, babban birnin Barazil, cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shekara 27 kacal bayan buɗe shi. A shekarar da ta biyo baya wasu masu zanen gini biyu 'yan ƙasar Holan, Hubert-Jan Henket da Wessel de Jonge, suka kafa ƙungiyar Docomomo don tattara bayanai kan gine-ginen zamani da kare su. Abin da ya zaburar da su shi ne halin da asibitin masu tarin fuka na Zonnestraal ya shiga. An buɗe shi a 1928, an kuma yi shi da sirarin bango da tagogin ƙarfe saboda masu shi suna sa ran za a shawo kan cutar nan gaba, ba a buƙatar ginin da zai daɗe. Da aka samu maganin tarin, sai aka yi watsi da wurin har ya zama kufai. Daga baya Unesco ta karɓi makarantun Bauhaus na Jamus a 1996, da dandalin kiɗa na Sidni a 2007, da gine-gine 17 na mai zanen gini Le Corbusier da ke warwatse a ƙasashe bakwai a 2016. Wata uku bayan rushe zauren Delhi, a zaman da aka yi a Krakow ta ƙasar Polan a Yulin 2017, aka karɓi Asmara, babban birnin Eritiriya. Shi ne wuri na farko da ƙasar ta samu a jerin, kuma shi ne misali mafi cika na wannan batu a Afirka.

Birnin da aka gina cikin gaggawa

Asmara tana kan tsauni, sama da mita 2,300 daga doron teku. Italiya ta ayyana Eritiriya ƙasar mallakarta a 1890, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ta ɗauke hedikwata daga Massawa, inda zafin gaɓar Bahar Maliya ya gallabi Turawa, ta hau da ita Asmara mai sanyi. Layin dogo ya iso a 1911. Garin ya ci gaba da zama ɗan madaidaici har 1935, lokacin da shugaban Italiya Musolini ya mai da shi sansanin da zai kai wa Habasha hari. Sojoji da 'yan kwangila da direbobi da makanikai suka yi ta kwarara, kuɗi ya biyo su. Ƙidayar 1939 ta nuna mutum wajen 98,000 a birnin, 53,000 daga ciki Italiyawa. Mafi yawan abin da ake kira tsohuwar Asmara a yau an gina shi ne a cikin shekara shida, daga 1935 zuwa 1941.

Samarin injiniyoyi da masu zanen gini da suka zo sun sami sakewar da ba su da ita a gida, inda tsofaffin birane da dokokinsu suka ɗaure musu hannu. Sananne a cikin ayyukansu shi ne gidan mai na Fiat Tagliero, wanda Giuseppe Pettazzi ya zana aka gama a 1938. Siffar jirgin sama gare shi. A tsakiya akwai hasumiya da ofis mai tagogi zagaye kamar wurin zaman matuƙi, sai fukafukai biyu na kankare, kowanne tsawon mita 15, sun miƙe dama da hagu suna yi wa motoci inuwa, babu ko sanda ɗaya da ta tokare su. Mutanen gari suna ba da labarin cewa ranar da za a cire katakon da aka tallafi fukafukan da shi, magina sun ƙi, sai da Pettazzi ya zaro bindiga. Ko ma yaya aka yi, fukafukan suna nan a miƙe fiye da shekara tamanin.

A babban titin birnin mai jerin itatuwan dabino akwai silimar Impero ta 1937, aikin Mario Messina, fuskarta ja-ja mai layukan fitilu masu zagaye. Akwai mashayar shayi da kofi da aka yi wa fuska kamar tsohuwar rediyo, da masana'antu da garejoji da gidajen bene masu lanƙwasassun kusurwa. Ba komai ne kwaikwayon Turai zalla ba. Babban masallacin Khulafa'ur Rashidun na 1938, wanda Guido Ferrazza ya zana, ya haɗa ginshiƙai irin na Rum da hasumiya da ƙubba. Majami'ar Enda Mariam ta Kiristocin Otodoks kuwa an jera bangonta hawa-hawa, dutse da jan bulo, don tuna tsohon salon ginin tsaunukan yankin na dutse da itace.

Abin da ya tsirar da birnin

Birtaniya ta ƙwace Eritiriya a 1941 ta riƙe ta har 1952. A wannan tsakani ta kwance kayan masana'antu da na tashar jiragen ruwa da dama ta sayar ko ta kwashe, har da igiyar dakon kaya ta sama mai tsawon fiye da kilomita 70 da ta haɗa Massawa da Asmara. An haɗa ƙasar da Habasha a tarayya a 1952, Sarki Haile Selassie ya haɗiye ta gaba ɗaya a 1962, yaƙin neman 'yanci kuma ya ci shekara talatin, daga 1961 zuwa 1991. A 1975 gwamnatin sojan Habasha ta Derg ta ƙwace filayen birane da duk gidan da ya wuce wanda mutum yake zaune a ciki. Duk wannan ya hana masu kuɗi zuba jari a gini. Babu wanda ya rushe gidan bene biyu don ya kafa mai goma. Massawa ta sha ruwan bama-bamai a 1990, amma mayaƙan 'yanci sun shiga Asmara ranar 24 ga Mayun 1991 ba tare da an gwabza a titunanta ba.

Hatsarin gaske ya zo ne tare da zaman lafiya. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1993, 'yan ƙasa mazauna waje suka fara dawowa da kuɗi, dogayen benaye suka fara tashi. Ɗaya daga cikinsu, Nakfa House, an kafa shi daf da Fiat Tagliero har ya danne shi. A tsakiyar shekarun 1990 aka kawo shawarar rushe wani rukunin gine-gine a tsakiyar gari don a yi dogon benen gilashi na banki. A cikin rukunin akwai tsohon barikin da ake kira Caserma Mussolini, wanda ya zama kurkuku, aka azabtar da 'yan Eritiriya masu yawa a cikinsa. Waɗanda suka fi kowa tsayawa kai da fata a kan kada a rushe shi su ne tsofaffin fursunonin da aka tsare a wurin. A ganinsu ginin shaida ne na abin da aka yi musu, wanda 'ya'ya da jikoki za su gani da ido. An janye shawarar.

Daga nan aikin ya koma hannun hukuma. An kafa shirin farfaɗo da kadarorin al'adu da tallafin Bankin Duniya, ƙarƙashin jagorancin Naigzy Gebremedhin, aka shata iyakar tsohon gari, a 2001 kuma aka dakatar da sabon gini a cikinta. Littafin da Gebremedhin ya rubuta tare da Edward Denison da Guang Yu Ren a 2003 shi ya buɗe wa duniya ido a kan birnin. A 2014 aka kafa ofishin da zai shirya takardun neman shiga jerin Unesco. Injiniyoyi da masu safiyo 'yan ƙasa suka bi gine-gine fiye da 4,000 ɗaya bayan ɗaya suna aunawa, suna ɗaukar hoto, suna rubuta halin da kowanne yake ciki, suka kuma kwafe dubban tsofaffin zane-zane da takardun izinin gini da ke ajiye a ma'ajiyar hukumar birni. An yi dokar kare kayan tarihi a 2015. Wurin da Unesco ta karɓa ya kai hekta 481.

Gadon wa?

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wasu na ganin ɗaukaka Asmara tamkar wanke mulkin Musolini ne, kuma ƙorafin nasu yana da tushe. An tsara birnin ne bisa wariyar launin fata. Taswirorin Odoardo Cavagnari na 1913 da na Vittorio Cafiero na ƙarshen shekarun 1930 sun raba gari shiyya-shiyya: ta Turawa, ta gauraye inda Larabawa da Indiyawa da sauran 'yan kasuwa suke, da ta 'yan ƙasa. Babban titin, wanda a lokacin sunansa titin Musolini, ba wurin yawon baƙar fata ba ne. An tsayar da karatun yaran 'yan ƙasa a aji huɗu na firamare. Unguwar Abbashawel, inda aka cusa su, an bar ta da ƙananan lunguna babu isasshen ruwa ko magudana.

Amsar da 'yan Eritiriya masu wannan aiki suka bayar tana da ƙarfi. Wanda ya zana gini baƙo ne, amma wanda ya fasa dutse, ya kwaɓa siminti, ya ɗaure rodi, ya hau tsani da kwanon kankare a ka, ɗan ƙasa ne. Italiyawa sun ci moriyar sabon birnin shekaru kaɗan, 'yan ƙasa kuwa sun zauna a cikinsa fiye da shekara tamanin, sun yi aure, sun yi makoki, sun kalli fim a silimar da aka taɓa hana iyayensu shiga. Titin Musolini ya zama titin Haile Selassie, yau kuma sunansa Harnet, titin 'yanci, inda jama'a ke fitowa tattaki da yamma. A tsohuwar kasuwar Medeber da aka gina zamanin Italiyawa, maƙera suna buga murhu da tukunya da kujera daga tsofaffin durom da gwangwani, mata kuma suna niƙa barkono a ɗaya gefen, ƙurarsa tana sa baƙo atishawa tun daga ƙofa. Mataki mafi muhimmanci shi ne da aka sa Abbashawel da tsohuwar unguwar Arbate Asmara cikin iyakar wurin da aka kare. Da an tsaya a unguwar Turawa kaɗai, da an adana kyan birnin an ɓoye zaluncin da aka gina shi a kai.

Ciwon kankare

Samun shiga jeri ba ya tsayar da yoyo. Waɗanda suka fara gini da kankare sun ɗauka dutse ne da ba ya lalacewa, kuma har yau mutane da yawa haka suke zato. Sinadarin farar ƙasa da ke cikin siminti yana yi wa rodi wata siririyar kariya mai hana shi tsatsa. Iskar kabon da ke yawo a sarari tana ratsa kankare sannu a hankali, shekara da shekaru, tana kashe wannan sinadari. Ranar da ta kai ga rodi, in akwai danshi, sai tsatsa ta kama. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, don haka sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki. Alamar farko jan zane ne a bango ko a ƙarƙashin baranda, sai tsaga, sai ɓantare ya faɗo rodi ya bayyana. A gine-ginen farko abin yana saurin faruwa saboda kaurin kankaren da ya rufe rodi bai taka kara ya karya ba. Gishirin iskar teku yana ƙara wa abin gudu, shi ya sa gini a Legas ko Massawa ya fi na Asmara wahala, inda busasshiyar iskar tsauni ta yi wa birnin rana.

Injiniya yana gane zurfin ɓarnar da gwaji mai sauƙi. Yakan fasa ɗan wuri ya fesa wani ruwan sinadari. Inda kankare ke da lafiya sai ya koma ruwan hoda mai haske, inda iskar kabon ta ci kuwa launinsa ba ya sauyawa. Gyaran shi ne a sassaƙe ɓangaren da ya mutu, a goge rodin tas ko a ƙara sabo, a cike da kwaɓi mai ƙarfi daidai da na asali. Wahalar tana wajen dacewa. Yawancin gine-ginen shekarun 1960 da 1970 an bar bangonsu ba filasta, har shatin katakon da aka zuba kankaren a ciki yana nan a jiki, kuma wannan shatin shi ne adon. Faci mai launi daban ko fenti mai sheƙi yana kashe shi.

Sauran cututtukan sanannu ne: shimfiɗaɗɗen rufi da kwaltarsa ta tsattsage saboda zafin rana da sanyin dare, bututun ruwan sama da ganye ya toshe, tagogin ƙarfe da kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa, da rufin asbesto wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji. Mai gidan ƙasa ya san dole ya yi yaɓe ya share indararo kafin damina, shi ya sa soro ke kai shekara ɗari. Ginin kankare ma yana son irin wannan dubawa ta kowace shekara, amma da yake ba ya nuna gajiya da wuri, sai a bar shi har gyaran ya koma na miliyoyi.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun yi bango mai huda-huda da dogayen baranda don iska ta ratsa ɗaki, rana kuma kada ta bugi taga. A wurare da yawa a Afirka ta Yamma an toshe irin waɗannan huda da bulo ko gilashi don a sa na'urar sanyaya ɗaki, sai ginin ya zama ba ya zaunuwa da zarar an ɗauke wuta.

Ita ma Asmara ta biya farashi. Dakatar da gini da aka yi a 2001 ya ɗauki shekaru masu yawa, ya zo kuma a daidai lokacin da yaƙin kan iyaka da Habasha na 1998 zuwa 2000 ya durƙusar da tattalin arziki. Matsalar gidaje ta ƙaru, masu gida suka rasa hanyar gyara bisa ƙa'ida, gine-gine da dama suka ci gaba da zubewa a tsaye. Hani yana tsayar da katafila, amma ba ya sayen siminti, ba ya horar da birkila.

Daga Yamai zuwa Ile-Ife

Wata hanyar asara ita ce a ɗauke ginin ɗungurungum. A 1949 aka kawo Yamai wani gida na alminiyom da ƙarfe da Jean Prouvé ya ƙera a masana'antarsa kusa da Nansi ta Faransa, aka yi jigilarsa gunduwa-gunduwa a jirgin sama. Yana da rufi biyu da tagogi masu daidaita rana don zafi ya fice ta sama. An kai wasu biyu Barazabil a 1951. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi Bafaranshe ya sayi duka ukun ya kwance su ya mayar Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a Niyok a kan kusan dala miliyan biyar. A Yamai daɓen da gidan ya zauna a kai kawai aka bari.

Gine-ginen da aka yi bayan 'yanci ba su da tabon mulkin mallaka, amma su ma ba su tsira ba. Wasu sun yi sa'a. Zauren Afirka na Addis Ababa, wanda aka buɗe a 1961, inda aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, an gyara shi bisa zanensa na asali aka sake buɗewa a Oktoban 2024. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas, da aka gama a 1976 don bikin Festac na 1977, ya shafe shekaru yana lalacewa kafin a miƙa shi ga Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna a 2020 su gyara. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don baƙin hawan daba na wannan biki, ya daɗe a rufe ana shari'a kan mallakarsa, aka rushe shi a Janairun 2020.

Wuraren da Najeriya ke da su a jerin Unesco, Sukur da kurmin Osun na Osogbo, da tsohon garin Agadas na Nijar da aka karɓa a 2013, duka gado ne na kafin zamanin kankare. Jerin da Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take karewa shi ma ya fi karkata ga ganuwa da fadoji da gine-ginen farkon zuwan Turawa. Hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ginin kankare na shekarun 1970, yana cikin 'yan kaɗan na zamani da suka shiga. Ɗakunan karatu da zaurukan jami'o'in farko, da sakatariyoyin tsofaffin jihohi, da filayen wasa, yawancinsu makomarsu tana hannun duk wanda ke riƙe da ofis a lokacin.

Tsakanin 2014 da 2020 Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba da tallafi 77 don gine-ginen zamani a faɗin duniya. Cikin waɗanda suka samu akwai ɗakin karatun yara na Akara, da filin baje koli na Dakar, da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, wadda Arieh Sharon ya zana tsakiyarta a shekarun 1960 da benaye da kowane hawa ya ɗara na ƙasansa faɗi don ya yi masa inuwa. Yawancin kuɗin ba na sayen siminti ba ne, na rubuta kundin kula da gini ne. Irin wannan kundi yana tattara zanen asali da tsofaffin hotuna, ya bayyana sakamakon gwajin kankare da rodi, ya ware sassan da ba za a taɓa ba da waɗanda za a iya sauyawa don shigar da wayoyin lantarki da intanet da hanyar keken guragu, sannan ya tsara abin da ma'aikatan gyara za su riƙa dubawa kowace shekara da kiyasin kuɗin da zai ci.